Yadda Tsayawa Wa Ɗan Gida Ya Kai Sanata Kurkukun Kuje

Dalilin da ya sa na ɗauko wannan tarihi shi ne gardamar da muka yi a taron ƙungiya da ya wuce, a kan yaron nan da aka ce mu je mu karɓi belinsa wurin 'yan sanda saboda kawai ya ce shi ɗan gida ne. To bari in tuna mana abin da ya faru a nan Abuja, muna ji muna gani.

Mu 'yan kasuwar Wuse mun san wahalar 'yan fansho tun kafin jaridu su fara bugawa. Akwai wani dattijo, tsohon masinja, da yakan karɓi kwano biyu na shinkafa a wurina, ya ce, "Alhaji, sai an biya mu." Wata ya bi wata ba a biya su ba, har Allah ya yi masa rasuwa sunansa yana cikin littafina. Na yafe, Allah ya jiƙansa.

A shekarar 2010 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa kwamitin gyaran harkar fansho, ta ba Abdulrasheed Maina, mutumin Biu, shugabancinsa. Da farko an yi ta yabonsa, ana cewa ya tono sunayen bogi da ake cin kuɗi da su. Ba a daɗe ba sai zargi ya juyo kansa. Majalisar Dattawa ta neme shi ya ƙi zuwa, a 2013 ya bar ƙasar, aka kore shi daga aiki.

A watan Janairu na wannan shekarar ne kuma wata kotun Abuja ta yanke wa John Yakubu Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, ɗaurin shekara 2 ko tarar Naira 750,000, bayan ya amsa laifi a kan kuɗin da ya haura Naira miliyan dubu 20. Nan take ya biya ya tafi gida. Kai jama'a! Ko ɓarawon akuya ba a yi masa wannan rangwame. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mai da hukuncin shekara 6.

Mu koma kan Maina. A 2017 aka wayi gari an maido shi aiki a ɓoye a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, har da matsayin darakta, alhali hukumar EFCC tana nemansa. Da surutu ya yi yawa Shugaba Buhari ya ce a sallame shi. An kama shi a wani otal a Abuja a watan Satumba na 2019, aka gurfanar da shi a Babbar Kotun Tarayya gaban Mai Shari'a Okon Abang, a kan kuɗin da ya kai Naira miliyan dubu 2.

To ga inda nake so a saurara. Kotu ta ce sai sanata ya tsaya masa, da gida na Naira miliyan 500. Sanata Ali Ndume, mai wakiltar Kudancin Borno inda Biu take, shi ya sa hannu, ya ba da takardun gidansa na Asokoro, don Maina ɗan mazaɓarsa ne. Maina ya samu beli, daga nan sai aka daina ganinsa. Ran 23 ga Nuwamba, 2020, alƙali ya ce tunda sanata ya kasa kawo mutuminsa, to a wuce da shi Kuje. Sanata guda, mai mota da 'yan rakiya, ya yi kwanaki a kurkuku a kan kuɗin da ba shi ake tuhuma da ci ba.

Wasu suka ce an zalunce shi. Ni dai abin bai ba ni mamaki ba, don tun muna Islamiyya malam ya karantar da mu a Risala cewa wanda ya yi lamunin kawo mutum, in bai kawo shi ba shi zai biya, sai fa in tun farko ya gindaya sharaɗi. Dokar Bature da ta littafi duk nan suka haɗu.

Ba a fi mako guda ba aka cafke Maina a Yamai, aka dawo da shi Abuja ran 3 ga Disamba. Ran 8 ga Nuwamba, 2021, kotu ta ɗaure shi shekara 8.

Shi Ndume ya san garin Maina, amma duk da haka ya kwana a Kuje. Yaron namu kuwa, na tambayi mutum biyar ba wanda ya san sunan unguwarsu. Ban ce a bar shi a can ba, ɗan wani ne, kuma kowannenmu baƙo ya zo garin nan wani ya riƙe masa hannu. Roƙona ga Shugaba da Sakatare, kafin taro mai zuwa a nemo wanda ya kawo shi Abuja da wanda ya san mahaifinsa, su zo su zauna a gabanmu tukuna.