Yadda Kuka da Ɗorawa Suka Sami Sunayen Latin

Na tabbata 'yan ajinmu ba su manta ranar da malamin Bayoloji ya fitar da mu gindin kukar bayan ɗakin cin abinci ba, ya ce kowa ya maimaita Adansonia digitata har sai harshensa ya saba. Mun haddace don cin jarrabawa kawai, muna yi wa sunan dariya. Kwanan baya wata takardar odar dashen itatuwa ta biyo ta teburina a ofis, na ga an rubuta gawo da sunan Faidherbia albida, alhali Acacia albida muka karanta. Har na ɗauki alƙalami zan gyara, sai wani ma'aikacin gandun daji ya ce mini ni ne na kwana baya. Kunyar nan ce ta sa na bi tarihin waɗannan sunaye.

Rarraba halittu daɗaɗɗen abu ne. Aristotle na ƙasar Girka ya kasa dabbobi gida biyu, masu jini da marasa jini. A ƙarni na 9 Al-Jahiz ya wallafa Kitabul Hayawan kan dabbobi, shi kuwa Abu Hanifa Ad-Dinawari ya wallafa Kitabun Nabat kan tsirrai. Amma matsala ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, watau kowace ƙasa da nata suna. Mu ma a nan gida itace ɗaya ne wasu ke kira darbejiya, wasu dogon yaro, wasu maina. Masanan Turai kuwa jimla guda ta Latin sukan jero a matsayin sunan tsiro ɗaya.

Wanda ya warware wannan shi ne Carl Linnaeus, likita ɗan ƙasar Suwidin, wanda aka haifa a 1707. A littafinsa Species Plantarum na 1753 ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu, sa'an nan ya yi wa dabbobi haka a bugu na 10 na Systema Naturae a 1758. Kalmar farko sunan dangi ce, ta biyu kuma ita ke ware ainihin nau'in. Ya kuma jera halittu hawa-hawa, waɗanda aka ƙara daga baya suka zama hawa bakwai da muka karanta. Malam yakan kwatanta mana su da sarauta: daga sarki sai hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa, har a gangaro kan maigida da iyalinsa.

A cikin sunayen itatuwanmu akwai tarihin zuwan Turawa Afirka ta Yamma. An raɗa wa kuka sunan Michel Adanson, Bafaranshen da ya isa Senegal a 1749 ya yi bayaninta, digitata kuwa na nufin ganyenta mai kama da yatsun hannu. Ɗorawa ta zama Parkia, sunan da Robert Brown ya sa a 1826 don tunawa da Mungo Park wanda ya halaka a Kwara wajen Bussa a 1806. Sabon sunan gawo daga Louis Faidherbe yake, gwamnan mulkin mallaka na Senegal. Tsamiya kuwa Tamarindus indica ce, daga Larabcin da ke nufin dabinon Hindu, alhali asalinta Afirka ne. Waɗanda suka nuna wa baƙin nan itatuwan suka kuma gaya musu amfaninsu ba a sa sunan kowa ba cikinsu. Amma a yi adalci, Likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, kowane da takwaransa na Latin.

Bugu da ƙari, tsarin bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Linnaeus ya kasa masu rai gida biyu, dabbobi da tsirrai. A 1969 Robert Whittaker ya mai da masarautun biyar, ya cire naman kaza da danginsa daga cikin tsirrai domin ba sa haɗa abincinsu da hasken rana. A 1990 Carl Woese da abokan aikinsa suka ɗora manyan rukunai uku a sama da masarautu, bayan nazarin ƙwayoyin gado. Tun 1934 aka ware wa gawo danginsa, littattafan makaranta ne suka yi nawa. Bagaruwa ma ta koma Vachellia nilotica, bayan taron masana tsirrai na 2005 da na 2011 sun bar wa itatuwan Ostareliya sunan Acacia.

To, abin da ya fi damuna ba sauyin Latin ba ne. Da muka je taron shekara na tambayi wasu ɗalibai sunan kukar nan, suka faɗi na Latin tiryan-tiryan. Da na nuna musu marke da ke gefenta, babu wanda ya san sunansa ko da Hausa. Malam bai koya mana haka ba. Shi sai ka kawo ganyen, ka faɗi sunan da kakarka ke kiransa da abin da take yi da shi, kafin ya rubuta na Latin a allo.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan cikin ayyukan bana: a yi wa kowane itacen makaranta ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da sunansa na Hausa da na kimiyya, a kuma dasa waɗanda gatari ya cinye. Kuɗin ba zai kai na walimar taro ɗaya ba. Ni na ɗauki nauyin allon kuka, kuma zan so Malam ne zai kafa shi da hannunsa. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya, ya bar zumunci, amin.