Tafintan Da Ke Cikin Kwamfuta: Taƙaitaccen Tarihi

Gabatarwa

A hutun bara na raka ƙanena daga Kusada zuwa wani gidan wasan kwamfuta a Kankiya. Yana tsakiyar buga ƙwallo sai allo ya yi baƙi ƙirin, jim kaɗan ya dawo, wasa kuwa ya tafi. Nan take mai gida ya ce yaro ya ɓata masa na'ura, sai ya biya. Wasu suka ce zafin bazara ne, wasu suka ce janareta ne. Wannan rigima ce ta sa na bi salsalar abin, ga kuma abin da na samo.

Kati da tafintansa

Hoton da ke motsi a allo aikin wani sashe ne da ake kira katin hoto. Shi wasa ba ya magana da kati kai tsaye. Akwai wata manhaja a tsakaninsu wadda masu gyara ke kira direba, amma aikinta na tafinta ne, kamar wanda ke tsayawa tsakanin Di'o da Hakimi a zamanin Turawa. In tafinta ya rikice, to, magana ta tsaya, ko da kowane ɓangare lafiyarsa lau.

Yadda abin ya faro

A 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da katin da launi goma sha shida kacal ya sani. A 1996 kamfanin 3dfx ya kawo katin Voodoo, wanda ya sa hoton wasa ya yi zurfi kamar a zahiri. Sai Nvidia ta fito da GeForce 256 a 1999. Yadda kati ke ƙara ƙarfi, haka aikin tafinta ke ƙara yawa, kurakuransa kuma na ƙaruwa. A wancan zamani in ya rikice, kwamfuta gaba ɗaya takan sandare, sai an kashe an kunna.

Da Microsoft ta saki Windows Vista ga jama'a a Janairun 2007, sai ta kafa doka: in kati ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba, a tsai da direba a sake ta da shi. Watau baƙin allon da muka gani a Kankiya ya yi daidai da wannan doka: na'ura ce ke ceton kanta. Daɗin daɗawa, takardun da suka fito a wata shari'a a Amurka a 2008 sun nuna cewa cikin faɗuwar Vista da aka ƙirga a 2007, kashi 28.8 cikin ɗari daga direbobin Nvidia ne, kashi 17.9 kuwa daga manhajar Microsoft kanta.

Kammalawa

Ban ce zafi da ƙura ba su da laifi ba. Ƙurar hunturu takan toshe fankar kati ya ɗau zafi, wuta mai rawa ma takan rikita shi. Sai dai duk cikin waɗannan babu hannun yaron da ke riƙe da madanni. Mai gyara ya kakkaɓe fanka, ya sake ɗora direba, na'ura ta ci gaba da aiki, ƙanena bai biya ko kwabo ba. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, kafin a kama yaro da laifi, a fara tuhumar tafinta tukuna.