Fitilar da Ba Ta Mutuwa a Maƙwabtan Zongon Kwatano

Duk Bahaushen da ya taɓa kwana a Zongon Kwatano ya san yadda gari ke wayewa a can. Ladanin babban masallaci zai kira asuba, jim kaɗan kuma sai 'yan kabu-kabu masu riguna ruwan ɗorawa su cika titi. In ka lura da kyau, za ka ga wani ya rataya carbi a kan babur ɗinsa, amma da ɗan gicciye a ƙarshensa. Ɗan Katolika ne. Kafin ya buga kiki sai ya taɓa goshi, ya taɓa ƙirji da kafaɗu biyu, sannan ya fita neman halalinsa.

Ba nisa da Zongo, a kan hanyar kasuwar Dantokpa, akwai cocin Saint-Michel. Da tsakar rana, lokacin da ba a ibada, za ka tarar da 'yar kasuwa ta ajiye kayanta a ƙofa, ta durƙusa shiru. Abin da take fuskanta ƙaramin akwati ne, gefensa wata 'yar fitila ja tana ci dare da rana. A cikin akwatin ake ajiye gurasar da Fada ya keɓe, kuma a imanin Katolika, Yesu Almasihu da kansa yana nan. Shi ya sa ba a barin fitilar ta mutu. Matar nan ba ta jiran Lahadi. Ta zo ne ta kai kukan ciniki da na kuɗin makarantar yara ga wanda ta yarda yana sauraro.

Wannan imani ya yi doguwar tafiya kafin ya zauna a nan. Wanda ya kafa ƙungiyar mishan ta SMA, Marion Brésillac, ko Dahome, tsohon sunan wannan ƙasa, bai kai ba: zazzaɓin shawara ya kashe shi a Saliyo a 1859. Sai ranar 18 ga Afrilu, 1861, Fada Borghero da Fada Fernandez na ƙungiyarsa suka sauka a Wida da ke Dahome. Aka yi shekara kusan ɗari kafin ɗan ƙasa, Bernardin Gantin, ya zama babban bishop na Kwatano a 1960. Filin jirgin saman birnin sunansa yake ɗauke da shi yau.

A ganina, ranar da wannan imani ya fi nuna kansa ba a cikin coci ba ne. A Fabrairun 1990 ƙasa ta kai maƙura. Baitulmali ya bushe, ma'aikata sun yi watanni babu albashi, mulkin Mathieu Kérékou na tun 1972 yana tangal-tangal. Aka kira taron ƙasa a otal ɗin PLM Alédjo daga 19 zuwa 28 ga wata, aka ɗora Bishop Isidore de Souza ya shugabance shi. Kowa na tsoron kada soja su zagaye zauren. Shi kuwa ya yi ta lallashin ɓangaren gwamnati da na 'yan adawa, yana roƙon kada a zubar da jinin kowa, ya riƙe aikin kamar wanda ya tabbata ba shi kaɗai ke zaune kan kujerar ba. Kérékou ya amince da abin da taron ya yanke, a 1991 kuma ya sha kaye a hannun Nicéphore Soglo, ya sauka lami lafiya. Mutanen Zongo ma sun ci moriyar wannan, domin fatake sun ci gaba da lodi zuwa Malanbil da Yamai.

De Souza ya rasu a 1999. An binne shi a babban cocin Notre-Dame, mai zanen ja da fari, kusa da tsohuwar gada. Da Fafaroma Benedict na 16 ya sauka Kwatano ranar 18 ga Nuwamba, 2011, a wannan yammacin ya shiga cocin, ya tsaya a kan kabarinsa ya yi addu'a.