Faɗuwar turken sadarwa

Faɗuwar turken sadarwa ita ce karyewa ko kifewar dogon ƙarfen da ake kafawa domin ɗaukar eriyar rediyo, talabijin ko wayar salula. Lamarin ya shafi manyan turakun kamfanonin waya, ya kuma shafi ƙananan da bankuna, makarantu da masu sha'awar rediyo ke kafawa da kansu. Saboda turke kan faɗa a kan abin da ke kusa da shi, hukumomi sun gindaya dokar tazara tsakaninsa da gidajen jama'a. Wannan muƙala ta fi mayar da hankali kan mazaɓar tarayya ta Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa da ke kudancin Jihar Katsina.

Suna

A kafafen yaɗa labarai an fi cewa "turken sadarwa" ko "hasumiyar sadarwa". A bakin jama'a kuwa "ƙarfen sabis" ya fi yawo, wasu ma kan taƙaita su ce "eriya", duk da cewa eriya ita ce na'urar da ke maƙale a sama, ba ƙarfen da ke ɗauke da ita ba. Kalmar "turke" ta fi dacewa, domin asalinta abin da aka kafa a ƙasa ne don ya riƙe wani abu, kamar turken doki.

Ire-ire da dalilan faɗuwa

Akwai turke mai tsayuwa da kansa, wanda ke da ƙafa uku ko huɗu a kan tushen kankare, faɗi a ƙasa, tsini a sama. Akwai kuma siririn da ba ya iya tsayuwa sai an ɗaure shi da igiyoyin ƙarfe daga ɓangarori uku. Na farkon shi ne aka fi gani tun zuwan wayar salula ta GSM Najeriya a 2001. Na biyun ya fi araha, shi ya sa ya fi yawa a hannun ɗaiɗaikun mutane da ƙananan ofisoshi.

Iska ce babbar abokiyar gabar turke. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take tura turke da shi yakan ninka sau huɗu. Kowace eriya ko faranti da aka ƙara a sama na ƙara faɗin wurin da iska za ta kama, don haka turken da aka tsara wa kamfani ɗaya zai iya gazawa idan aka ɗora masa kayan kamfanoni uku ba tare da an ƙarfafa shi ba. A kudancin Katsina lokacin haɗari shi ne farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, sa'ad da guguwar da ke gaba da ruwa ke yaye rufin kwano.

Sai dai da wuya iska ita kaɗai ta kayar da lafiyayyen turke. Yawanci akwai rauni tun tuni: tsatsa ta ci gindin ƙafa inda ruwa ke kwanciya, ko an sace ƙusoshi da sandunan da ke haɗa ƙafafu, ko zaizayar ƙasa ta tone tushe. Turken da aka ƙera da bututu ya fi muni a wannan fanni, domin yana ruɓewa ne ta ciki alhali fentinsa na waje yana ƙyalli. Shi kuwa mai igiya, rayuwarsa na rataye ne a kan igiyar. Da zarar ɗaya ta tsinke ko mazauninta ya tumɓuke, sauran biyun su ne za su jawo shi ƙasa. Turken rediyon Warsaw na ƙasar Poland, mai tsawon mita 646, wanda a lokacin babu ginin da ya kai shi tsawo a duniya, ya faɗi ranar 8 ga Agusta, 1991, ana tsaka da canza masa igiyoyi. Daga baya mazauna yankin suka ƙi yarda a sake gina shi a wurin.

Yadda turke ke faɗuwa na da muhimmanci ga mai tsara gari. Mai igiya yakan lanƙwashe ya karye gida-gida, ya zube a fili da bai kai tsawonsa ba. Mai tsayuwa da kansa, idan tushensa ne ya gaza, zai iya kwantawa gaba ɗaya kamar bishiyar da aka sare.

Dokoki

A 2009 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta fitar da ƙa'idojin kafa turaku, inda ta sanya tazarar mita 5 tsakanin turke da ginin da ke maƙwabtaka da shi. A 2011 hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar da nata, ta ce mita 10. Saɓanin ya fito fili a 2012, lokacin da NESREA ta garƙame wata tashar sadarwa a Abuja, NCC kuma ta je ta buɗe ta. Akwai kuma hukumar sufurin jiragen sama, NCAA, wadda ke ba da izinin tsawo, kuma saboda jirage ne ake yi wa turaku fenti ja da fari tare da sanya jar fitila a ƙololuwa. A 2019 ta yi barazanar rushe turaku sama da 7,000 da ba su da izininta.

Ko mita 5 ko 10, tazarar ba ta kai tsawon turken wayar salula ba, wanda yakan kai mita 30 zuwa 50. Wato dokar ba ta fitar da gidan maƙwabci daga inda turke zai iya faɗawa ba. Ta dogara ne kan cewa an gina shi da kyau kuma ana duba shi. A wasu garuruwan Amurka hukumomi kan nemi tazarar da ta yi daidai da tsawon turken, kodayake tun 1985 hukumar sadarwar ƙasar ta hana su yin dokar da za ta toshe wa masu sha'awar rediyo hanyar kafa eriya gaba ɗaya.

Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa

A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birni na hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama a kansu. A aikace, a ƙauyuka da yawa cinikin fili kan ƙare ne tsakanin mai gona, mai saye da mai unguwa. Nan ne giɓin yake. Dokar tazara na magana da wanda zai kafa turke, amma sau da yawa turken ne ke riga gidaje zuwa: an kafa shi a bayan gari, gari ya faɗaɗa ya cim masa, masu shayi da masu cajin waya suka kafa rumfuna a jikin katangarsa. Ƙauracewar mutanen ƙauye zuwa hedikwatocin ƙananan hukumomi saboda hare-haren 'yan bindiga ta ƙara matse filayen gini.

Rashin tsaro ya shafi kula da turakun ma. Ƙananan hukumomin uku na cikin 13 da aka katse wa layukan waya a watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, kuma da aka dawo da sabis a wasu wurare a watan Disamba, suna cikin waɗanda aka jinkirta. Turken da aka kashe bai daina shan iska da ruwa ba, kuma inda hanya ba ta biyuwa, injiniyan da zai hau ya ɗaure ƙusa ko ya auna igiya ba ya zuwa a kan kari.

Ƙananan turaku su ne suka fi kuɓuce wa kowace hukuma. Mai walda ne ke haɗa su, a kafa a tsakar gida ko a kan rufi, wani lokaci dab da wayar lantarki, ba tare da an lissafa ƙarfin iska ba. Alamomin da maƙwabci zai iya gani da idonsa sun haɗa da karkata, igiyar da ta saki, tsagewar kankare a gindi, da jan ruwan tsatsa da ke gangarowa daga mahaɗar ƙarafa. Ana kai ƙorafi ga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ko hukumar tsara birane ta jiha, ko kuma NCC idan turken na kamfanin waya ne.