Kiran Bishara da Harshen Hausa, 1841 zuwa 1955

A ƙarshen Linjilar Matta akwai umurnin da Almasihu ya bar wa almajiransa, na su watsu cikin al'ummai su yi wa'azi. Daga wannan umurni ne Kirista suka ɗauki abin da su ke ce wa kira, watau mutum ya sakankance a zuciyarsa Allah ya keɓe shi domin ya bar gida da dangi ya kai bishara wata ƙasa. Waɗanda suka ji wannan kira game da ƙasar Sudan cikin ƙarni na 19, Hausawa suka nufa, don sun sami labari harshensu shi ne na fatauci tun daga Tarabulus har Gwanja. Abin da suka nufa da abin da ya auku sun sha bamban ƙwarai, kuma tarihin rubutun boko ba ya cika sai an duba wannan bambanci.

Farkon al'amarin shi ne tafiyar da Gwamnatin Ingila ta shirya zuwa kogin Kwara a 1841. Ƙungiyar C.M.S. ta sa mutum biyu cikin ayarin: J. F. Schön, Bajamushe, da Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe wanda aka 'yanto daga jirgin bayi. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa, tafiyar ta watse. Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma ya ƙare sauran ransa yana aikin harshen. Ya fara koyo wurin 'yantattun bayi a Saliyo, daga baya kuma ya sami Dorugu, yaron nan Bahaushe da Barth ya kai Ingila a 1855. Ya buga nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, wanda a ciki labarin Dorugu ya ke, daga bakinsa.

Crowther kuwa aka naɗa shi bishop a 1864, ya riƙe aikin Kwara da ma'aikata baƙar fata, yana bin sarakunan Nupe da lalama. A 1890 waɗansu samarin Turawa suka iso Lokoja, shugabanninsu Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Suka sa riga da rawani irin na Hausawa, suka ce ba su bukatar kāriyar Ingila. Amma zafin kiran nasu ya sa suka rena aikin waɗanda suka tarar, suka tsayar da limaman coci 'yan Afirka, suka kunyata dattijon. Robinson ya rasu a 1891, Crowther a ƙarshen shekaran nan, Brooke kuma a 1892, ba wanda ya ga Kano cikin samarin biyu. Domin tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiya a Ingila ta nazarin Hausa, ita ce ta aiko ɗan'uwansa Charles Henry Robinson, ya shiga Kano a 1894, ya fitar da ƙamusunsa a 1899, ya kuma koyar da Hausa a Jami'ar Kambirij.

Haka ta faru ga mutum uku da suka sauka Ikko a Disamba 1893, watau Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Ba wata babbar ƙungiya a bayansu, sai kiran da suka ce sun ji. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent a Bida, daga baya kuma Bingham ya koma gida da ciwo. Sai a 1902 ƙungiyarsu, wadda aka sani da S.I.M., ta sami wurin zama a Patigi, ƙasar Nupe.

A 1900 Bishop Tugwell ya ja ayari har Kano, cikinsu da Likita Walter Miller, bayan waɗansunsu sun zauna Tarabulus suna koyon Hausa wurin alhazai da fatake. Sarkin Kano Alu ya sallame su nan da nan, ya ce su bar masa gari. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugard ya yi wa sarakuna alkawari ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka ƙuntata wa 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi. Miller ne ya sami zama cikin birnin Zariya daga 1905, har aka mai da mishan ɗin Wusasa a 1929. Waɗanda suka bi shi cikin Hausawa kaɗan ne, galibinsu daga zuriyar Isawa, mabiyan Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano tun zamanin sarakunan Fulani.

To, da ƙofar birane ta rufu, sai masu kira suka juya wajen ƙabilun da ba su musulunta ba. Ƙungiyar S.U.M., wadda Karl Kumm ya jagoranta, ta sauka Wase a 1904, sa'an nan ta bazu cikin duwatsun Filato da kwarin Binuwai. A nan suka tarar da harsuna barjat, ba mai iya koyonsu duka, balle ya fassara littafi cikin kowane. Dole suka koma ga Hausa, wadda mutanen suka riga suka fara ji a kasuwa. Sa'ad da aka gama fassarar Littafi Mai Tsarki a 1932, aikin da Miller ya ɗauki kaso mai tsoka cikinsa, mafi yawan masu karanta shi Angasawa ne da Birom da Bacama da makamantansu. Da Hausa a ke wa'azi, da ita a ke waƙa, da ita kuma a ke horad da masu bishara a Gindiri.

Har aikin Gwamnati ma ya ci moriyar wannan. Hanns Vischer, wanda Kanawa su ke kira Ɗan Hausa, da sunan mishan ya fara zuwa ƙasar kafin ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909. G. P. Bargery, mai babban ƙamus na 1934, shi ma ta hanyar C.M.S. ya zo. Watau mutanen da suka daidaita rubutun boko, da dama cikinsu kiran bishara ne ya fara haɗa su da harshen. Wannan kuwa yana cikin dalilan da suka sa malaman zaure suka daɗe suna ɗari-ɗari da boko, suna riƙe da ajaminsu.

Daga bisani kiran ya koma hannun 'yan ƙasa, abin da aka hana ma'aikatan Crowther a 1890. Ekklesiyoyin S.I.M. suka tsaya da ƙafarsu da sunan E.C.W.A. a 1954, na S.U.M. da abokansu kuma suka haɗu a 1955 cikin Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, suna da Hausa suka raɗa shi. Masu bishararsu manoma ne da su kan tashi da iyali su zauna wani ƙauye mai nisa, su yi noma da damina, su koya wa yara karatu da maraice. Ta hannunsu Hausa ta shiga gidajen da fatake da sarakuna ba su kai ta ba, kuma duk mai nazarin yaɗuwarta a kudancin Zazzau da Bauci da Adamawa sai ya lissafa da su.