Farin 1973 da 1984: laifin makiyayi ne ko na teku?

In kana zaune a Makera ko Kakuri, ka tambayi duk wani dattijon da ya yi aiki a masaƙun Kaduna, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, zai gaya maka cewa a wancan zamanin rayuwar unguwar nan ta ta'allaƙa ne da audugar da ake nomawa a su Funtuwa da Gusau. Auduga kuwa sai da ruwan sama. Shi ya sa farin da ya afka wa ƙasar Hausa a 1972 da 1973, ya kuma dawo da ƙarfinsa a 1983 da 1984, bai tsaya a ƙauye ba. Hatsi ya yi tsada a birni, dabbobi sun mutu, mutanen Nijar sun yi ta kwararowa kudu. A 1973 ne ma Tafkin Chadi ya rabe gida biyu.

To, me ya kawo shi? Amsar farko da duniya ta karɓa ta fito ne daga wani masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, a 1975. Ya ce idan dabbobi suka cinye ciyawa aka sare itatuwa, ƙasa takan yi fari fat, ta riƙa mayar da hasken rana sama, iska ta daina tashi, hadari ya ƙi haɗuwa. Lissafin ya yi kyau a takarda. Amma ka lura da inda yatsa ya nuna: Bafillatani da shanunsa, da matar da ke neman itacen girki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taro kan kwararowar hamada a Nairobi a 1977, kuma shekara da shekaru wannan fahimta ce ke jan ragama.

Sai dai akwai abin da bai zauna ba. Ruwan ya ragu ne a lokaci guda tun daga Senegal har Habasha. Wane irin kiwo ne zai haɗa baki haka?

Ka san ruwan daminarmu daga teku yake zuwa. Da bazara ƙasa takan yi zafi fiye da ruwan Tekun Atlantika, sai iska mai laima ta taso daga gaɓar Gini ta nufo arewa, ta ture busasshiyar iskar Sahara. Wurin da suke karo shi ne ke tafe da hadari, kuma yana bin ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi. Idan ruwan arewacin Atlantika ya yi sanyi, na kudu ya ɗumama, sai layin nan ya kasa hawa yadda ya saba. Kaduna ta samu ragi, Katsina da Maraɗi su tashi da kaɗan.

Peter Lamb ya fara nuna wannan alaƙa a 1978, sannan Folland da abokan aikinsa a Ingila suka ƙarfafa ta a 1986. Wanda ya fi burge ni shi ne aikin Alessandra Giannini na 2003. Sun ba kwamfuta zafin tekunan duniya na 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata an sare ko bishiya ɗaya ba, amma ta fitar da damunan albarka na shekarun 1950 da farin da ya biyo baya. Ɗumamar Tekun Indiya ta taka rawa, haka ma El Nino na Tekun Fasifik, wanda ya zo a 1972 da 1982.

Ga inda abin ke da ciwo. Bincike da dama sun nuna cewa hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka ya tare hasken rana, ya taimaka wajen sanyaya arewacin Atlantika a waɗancan shekaru. Har yau masana na jayayya kan kason hayaƙin da kason juyin da teku ke yi da kansa. Kuma Charney bai yi kuskure gaba ɗaya ba, rashin ciyayi yana ƙara wa fari tsanani, amma ba shi ne ya kunno shi ba.

Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan farfaɗo, sai dai yakan zo a guje, kamar ambaliyar Kogin Kaduna ta Satumban 2003. Yanzu idan ka ji NiMet ta fitar da hasashen damina a farkon shekara, cikin abubuwan da ta fara dubawa akwai zafin ruwan Fasifik.