Karatun gida mai tsarin aji

Karatun gida mai tsarin aji wani nau'i ne na koyar da yara a cikin gida maimakon tura su makaranta, inda ake bin tsarin da makarantun boko suke bi. Ana ware wuri na musamman a gidan, a tsara jadawalin darussa, a yi amfani da littattafan manhaja, sannan a riƙa yi wa yaro gwaji da jarrabawa a ƙarshen zango. Mai koyarwar kan kasance uwa ko uba, ko wani daga cikin dangi, ko malamin da aka ɗauka ana biyansa. Wannan tsari ya bambanta da sauran hanyoyin karatun gida da ke barin yaro ya zaɓi abin da zai koya da lokacin da zai koye shi.

Yadda ake gudanar da shi

Masu bin wannan tsari sukan raba yini zuwa darussa masu ƙayyadadden lokaci, kamar Lissafi, Turanci, Hausa, Kimiyya da ilimin addini, tare da ɗan hutu a tsakani. Kayan aikin su ne na aji da aka saba da su: allo da alli, teburi da kujera ko tabarma, littattafan karatu da na rubutu. Ana ba da aikin gida, ana duba shi a ba da maki, kuma ana ajiye sakamakon yaro domin a san lokacin da ya cancanci wucewa aji na gaba. A Najeriya manhajar da ake bi ita ce wadda hukumar NERDC take tsarawa, domin a kanta ake gina jarrabawar ƙasa.

Tarihi a ƙasashen Turai da Amurka

Kafin gwamnatoci su wajabta zuwa makaranta a ƙarni na 19, yara da yawa a gida suke samun iliminsu, masu hali kuma sukan ɗauki malamai na musamman. A farkon ƙarni na 20 makarantar Calvert da ke Baltimore a Amurka ta fara aika wa iyaye darussa ta gidan waya, suna koyar da 'ya'yansu a gida bisa manhajarta. Daga shekarun 1970 karatun gida ya sake farfaɗowa a Amurka. Malamin makaranta John Holt (1923–1985) ya soki tsarin aji baki ɗaya, yana ganin yaro ya fi koyo idan aka bar shi ya bi abin da yake sha'awa, yayin da iyalai masu yawa, musamman masu kishin addini, suka riƙe tsarin aji suka mai da shi cikin gida. Zuwa 1993 karatun gida ya zama halal a dokar dukkan jihohin Amurka 50.

A ƙasar Hausa

Koyarwa a gida tsohon abu ne a ƙasar Hausa, tun kafin zuwan boko. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya fara karatun Alƙur'ani ne a wurin mahaifinsa, Muhammadu Fodiyo, kafin ya wuce wurin wasu malamai irin su Malam Jibrila ɗan Umar. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ita ma a gidansu ta yi karatu, daga baya ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda mata shugabanni da ake kira jaji suke ɗaukar karatu a wurinta su kai wa matan ƙauyuka.

Makarantar allo, wadda har yanzu take a garuruwan Katsina irin su Rimaye da Kankiya da Kusada, yawanci a zauren gidan malam ake yin ta. Tana da matakanta: yaro yana farawa da babbaƙu, wato haruffa ba wasali, sai farfaru inda ake sa wasula, sannan ya shiga rubutu da wanke allo har ya sauke. Bayan sauka akan shiga karatun littattafai a zaure, irin su Ahalari, Ishmawi, Iziyya da Risala. Sai dai wannan karatu ba na aji ba ne, domin kowane ɗalibi da wurin da ya tsaya, kuma malam yana biya wa kowa shi kaɗai. Tsarin aji, da jadawali da jarrabawa, ya shigo ne da makarantun boko, tun daga wadda Hanns Vischer, wanda Hausawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909.

A yau abin da ya fi kusa da wannan tsari a Arewa shi ne ɗaukar malami ya riƙa zuwa gida yana yi wa yara darasi da yamma ko a lokacin hutu, galibi ƙari a kan makaranta. Buƙatarsa ta ƙaru a 2020, lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris saboda cutar korona, jihohi da dama suka koma ba da darussa ta rediyo da talabijin. A watan Disamba na shekarar kuma aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, abin da ya sa gwamnatin Jihar Katsina ta rufe makarantun kwana na wani lokaci, yara da yawa suka zauna a gida.

Matsayin doka

Dokokin ƙasashe sun bambanta. A Ingila dokar ilimi ta 1996 ta amince iyaye su ilimantar da yaro a makaranta ko ta wata hanya. Afirka ta Kudu ta halatta shi a dokar makarantu ta 1996, bisa sharaɗin a yi wa yaron rajista. Jamus ta hana shi, Faransa kuwa daga 2022 sai an nemi izini. A Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye tabbatar da cewa yaro ya halarci firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan, kuma ta tanadi gargaɗi, tara ko ɗauri ga wanda ya ƙi. Dokar ba ta ware wani tsarin rajista na karatun gida ba. Hukumomin WAEC da NECO kuwa suna shirya jarrabawar kammala sakandare ta masu zaman kansu, wadda ɗalibi zai iya rubutawa ba ta hannun makaranta ba.

Amfani da ƙalubale

Masu goyon bayan tsarin suna cewa yaro yana samun kulawar da ba zai samu a aji mai cunkoso ba, iyaye suna lura da tarbiyyarsa, kuma bin manhaja yana sauƙaƙa masa komawa makaranta. Akwai kuma damar fara karatu da harshen uwa, abin da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanada ga azuzuwan farko na firamare, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife da harshen Yarabanci a shekarun 1970 ya nuna amfaninsa.

Masu suka kuwa suna nuni da cewa tsarin yana buƙatar iyaye masu ilimi da lokaci, ko kuɗin biyan malami da sayen littattafai, abin da yawancin iyalan karkara ba su da shi. Darussan kimiyya suna buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, kuma yaro yana iya rasa cuɗanya da tsararrakinsa. Inda babu mai sa ido, ana iya fakewa da sunan karatun gida a hana yaro, musamman 'ya mace, ilimi gaba ɗaya, a mai da shi talla ko aikin gona.